Filin Malamin Gona: "Baba ya ce aikin haƙa rami ne"

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, ya aiki ya iyali. Ni matashi ne ɗan shekara 23, na gama difloma a kwalejin aikin gona, kuma tun ranar da aka kai mu firaktikal wani ƙauye na ga yadda ruwa ya tsaga gonar wani dattijo gida biyu nake jin ni dai aikin kare ƙasar noma da tattalin ruwa nake son yi. To amma Baba ya ce wai wannan ai aikin haƙa rami ne, gara in bi yayana kasuwa. Dan Allah Malam mene ne ainihin aikin, me ake karantawa, kuma ana cin abinci da shi?

Ɗanka, daga Gumel

AMSA

Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya yi maka albarka. Ka gaishe min da Baba, ka ce masa gaskiyarsa, akwai haƙa rami a ciki sosai ma, sai dai sanin inda za a haƙa, da zurfinsa, da inda bakinsa zai kalla, da ƙasar da ma bai kamata a haƙa ba, wannan shi ne ilimin, kuma shi ake biyan mutum dominsa.

Ga wani lissafi ka riƙe. Ruwan sama milimita ɗaya in ya sauka a hekta ɗaya lita 10,000 ne. Ke nan ruwan dare ɗaya mai milimita 30, irin wanda ake yi a watan Agusta, lita 300,000 ne, kamar duro 1,500 ke nan a gona ɗaya. In ƙasar ta yi fako, ta daskare kamar daɓe, yawancin ruwan nan ba ya shiga, gudu yake yi, kuma ba ya tafiya hannu rabbana, sai ya kwashi ƙasar sama mai albarka da takin da bawan Allah ya ci bashi ya saya ya kai su rafi, bayan kwana goma in ruwa ya ɗan yi jinkiri sai ka ga gero ya fara murɗewa a gonar da aka yi ambaliya a cikinta. Aikinmu shi ne mu rage wa ruwan nan gudu har ya tsaya ya shiga ƙasa, da rani kuma mu hana iska kwashe abin da ya rage.

Da rani ake yawancin aikin, lokacin da zafi ya fi tsanani, wannan ka sani tun yanzu. Za ka taka gona da ƙafa daga sama har ƙasa, ka damƙi ƙasar ka jiƙa ka murza a hannu ka ji jigawa ce ko laka ko daɓaro, ka ɗebi samfur a kai a auna, sannan ka fitar da layin da ke daidai wa daida a jikin gangare. Ba sai da na'ura mai tsada ba, tiyo fari mai tsawo muke cika wa ruwa, a ɗaure bakinsa biyu a jikin sanduna biyu masu ma'auni, mutum ɗaya ya tsaya ɗaya ya riƙa matsawa sama ko ƙasa har ruwan ya tsaya a lamba ɗaya a sandunan biyu, sai a kafa turke. A kan layin nan ake jera duwatsu, ko a dasa jema ko gamba, ko a ja kunya ta gicciye gangare. Sau nawa na ga gonar da aka yi wa huɗa kunyoyin suna bin gangare zuwa ƙasa don shanu sun fi jin daɗin ja a haka, kowace kunya ta zama lambatu.

In fako ne sai a yi tassa, kamar yadda 'yan'uwanmu na Tawa a Nijar suke kiranta, rami ne mai faɗin santimita 20 zuwa 30 da zurfin kamar 15 zuwa 20, ƙasar da aka fitar a tara ta a gefen ramin na ƙasan gangare don ta tare ruwa, a zuba takin gida cikin hannu biyu a ciki tun kafin damina, gara ta zo cin takin ta huda ƙasar ta yi wa ruwa hanya. Ko kuma a yi rami mai siffar rabin wata, mai faɗin mita 4, bakinsa na kallon inda ruwa ke gangarowa, ana samun kamar 313 a hekta in an jera su a saɓe. Amma ka kai tassa jigawa mai yashi iska ta cike maka ita kafin a yi shuka, ka kai ta fadama kuma shuka ta ruɓe. A nan ake gane wanda ya san aiki da wanda ya haddace takarda.

Kuma wallahi ɗana rabin ilimin a wajen manoman yake. Akwai wata gona da na taɓa kafa wa turaku na gama, mai gonar dattijo ne bai ce min komai ba, sai da aka yi ruwan farko ya aiko a kira ni da sassafe, ya ja ni muka bi wani siririn layi na yayi da kashin awaki da ruwan dare ya bari a ƙasa, ya nuna min cewa ruwan da ke cin gonarsa ba daga inda na zata yake shigowa ba, daga hanyar shanu yake kwararowa ta bayan wata tsamiya. Muka tumɓuke turaku muka sake. Tun daga ranar duk gonar da zan yi wa aiki sai na je ta bayan ruwa ya ɗauke, kuma sai na tambayi wanda ya fi kowa daɗewa yana nomanta.

Ka duba abin da ya faru a Maraɗi. A 1983 wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, bayan ya sha wahalar dasa itatuwa suna mutuwa, ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa duk shekara kututturan itatuwa ne masu rai, saiwarsu na nan a ƙasa. Sai aka fara barin reshe biyu ko uku masu ƙarfi a kowane kututture ana datse sauran, abin da ake kira sassaben zamani. Manoma suka riƙa ɗauka daga maƙwabci zuwa maƙwabci, har aka ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 a yankunan Maraɗi da Damagaram. Gawo ya dawo gonaki, shi da ke kaɗe ganyensa da damina ya bar wa gero rana da taki. A Burkina Faso kuma Yacouba Sawadogo, manomi ne da bai yi boko ba, shi ya raya dabarar ramin tassa da suke kira "zai" a can, shi da Rinaudo su biyun aka ba su lambar yabo ta Right Livelihood a 2018. Ni abin da nake gani a labarin nan, abin ya yaɗu ne saboda ba ya buƙatar kuɗi mai yawa, kuma manomi ya tabbata itacen da ya bari nasa ne.

Wannan maganar mallaka ita ce za ta fi ba ka ciwon kai. Wanda ke noma gonar aro ko ta haya ko jingina ba zai yi wata guda yana haƙa tassa ba alhali baɗi mai gona zai iya karɓe abarsa. Ka ce a bar kara a gona ya rufe ƙasa, mai gona ya ce da me zai ciyar da tumaki, da me za a yi danga, da me uwargida za ta hura wuta, kuma duk gaskiya ya faɗa. Ka dasa itace ba ka zauna da makiyaya an yi magana kan burtali ba, aikin banza ka yi. Saboda haka za ka zauna a ƙofar gidan mai unguwa da dagaci fiye da yadda kake zato, kuma dole ka samu hanyar jin ta bakin mata, don su ke neman itacen girki da ruwa.

Maganar karatu, da diflomarka za ka iya ci gaba zuwa babbar difloma, ko ka nemi shiga jami'a ka karanta kimiyyar ƙasar noma, ko injiniyancin noma in kana da ƙarfi a lissafi, ko ilimin gandun daji. ABU Zariya na da tsohuwar cibiyar binciken noma a Samaru, BUK na da cibiyar noman yankuna masu ƙarancin ruwa, akwai kuma jami'ar Ɗanfodiyo a Sakkwato da ta Maiduguri. Ka koyi aiki da GPS da zana taswira a kwamfuta, ka iya rubuta rahoto mai tsafta, yanzu duk inda ka je sai an tambaye ka waɗannan.

Ana cin abinci da shi? Ana ci, amma ba zan ruɗe ka ba, ba aikin yin kuɗi da wuri ba ne. Akwai hukumomin raya aikin gona na jihohi irin JARDA a wajenku da KNARDA a Kano, akwai hukumar Babbar Ganuwar Itatuwa da ke aiki a jihohi 11 na bakin hamada har da Jigawa, akwai shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasar da ta lalace, wanda Bankin Duniya ya amince wa dala miliyan 700 a ƙarshen 2021 don jihohin Arewa 19 da Abuja, ga ƙungiyoyi masu zaman kansu, ga masu manyan gonaki da lambuna da ke neman wanda zai tsara musu ban ruwa. Aiki a irin wannan shiri yana da wa'adi, in ya ƙare sai ka sake nema, shi ya sa nake ba yarana shawara kowa ya riƙe wata sana'a a gefe, ko rainon dashe ko 'yar gonarsa.

Shi kuma Baba kar ka yi jayayya da shi. Ka roƙe shi ya ba ka kusurwar gonar da ta fi kowace mutuwa, wadda ko ciyawa ba ta fitowa, ka yi mata tassa ko da ɗari biyu da ranin nan, ka bar gefenta yadda yake, in Allah ya kai mu kaka ka kai shi ya gani da idonsa.

TAMBAYA

Malam barka da aiki. Gonar gado muke da ita ni da ƙannena, kwazazzabo ya fara cin gefenta shekara uku ke nan, muna ta zuba shara da ɓaraguzai amma kullum ƙaruwa yake. Ya za mu yi?

'Yar'uwarka, daga Gwambe

AMSA

Hajiya, Allah ya kawo sauƙi, na san ciwon ganin gonar iyaye tana zubewa. Ku daina zuba shara, ruwa kwashe ta yake yi ko ya zagaye ta ya ci sabon gefe. Ku bi ruwan zuwa sama ku ga daga ina yake taruwa, hanya ce ko rufin gidaje ko gonar maƙwabci, a can ake fara rage masa ƙarfi da jeren duwatsu da layin jema. A cikin kwazazzabon kuma ƙananan shinge ake yi da yawa a jere, na duwatsu ko buhunan ƙasa, kowanne kada ya wuce gwiwa, a tusa gefensa cikin gaɓa sosai, tsakiyarsa ta fi gefe ƙasa don ruwa ya tsallake ta nan, a shimfiɗa duwatsu a inda ruwan zai faɗo. Ku bar noma har bakin gaɓa, ku bar taku biyar ko fiye ciyawa ta kama, kuma ku hana ɗiban yashi a ciki.

Amma in zurfinsa ya wuce tsayin mutum ko ya doshi gidaje, wannan ya fi ƙarfin iyali ɗaya, aikin injiniya ne. Ku haɗu da maƙwabtan da abin ya shafa, ku ɗauki hotuna, ku kafa turke a bakinsa don a san mita nawa yake ci a damina ɗaya, ku kai wa mai unguwa da ofishin gona na ƙaramar hukuma da ma'aikatar muhalli ta jiha a rubuce, kuma kada yara su riƙa wasa a ƙarƙashin gaɓar bayan an yi ruwa, tana iya ruftawa.