Tambaya da Amsa: Me Ke Kayar da Jiragen Kashe Gobarar Daji?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na ga wani bidiyo a waya, jirgi mai saukar ungulu yana ɗebo ruwa da ƙaton guga yana kwarara wa gobarar daji a Kalifoniya. Ɗana ya ce jiragen nan kan faɗo. Wutar ce ke lasar su, ko me? Daga wani malamin makaranta, Funtuwa.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Yaron ya yi gaskiya, sai dai ba kasafai harshen wutar ke kai wa jirgin ba. Abin da na fi ɗora wa laifi shi ne nauyi da zafi.

Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, kuma babban jirgin nan da ake kira Skycrane yana shan kusan lita 10,000 a tashi guda. Farfelar jirgi kuwa iska take turawa ƙasa kafin ya ɗaga. Idan iska ta yi zafi, ko ana kan tsauni, sai ta yi sako-sako, farfela ta rasa abin kamawa, inji ma ƙarfinsa ya ragu. Ka tuna tsohuwar motar haya da aka yi wa lodi har saman rufi, ta doshi tudu da tsakar rana. Ita mota tana iya tsayawa a sa mata weji. Shi fa?

Ranar 5 ga Agustan 2008, wani jirgi ƙirar Sikorsky S-61 ya tashi daga kan dutse a dajin Shasta-Trinity na Kalifoniya, ɗauke da 'yan kwana-kwana da suka wuni suna fama da wuta. Mutum 13 ne a ciki. Ya ɗaga da ƙyar, bai tsallake bishiyoyi ba, farfela ta sare su, ya rikito ya kama da wuta. Tara suka rasu. Hukumar binciken haɗurra ta Amurka, NTSB, ta gano kamfanin da ya mallake shi ya rage nauyinsa a takarda da fiye da kilo 600, an kuma taɓa jadawalin ƙarfin injin. Matuƙan sun yi lissafi, amma da alƙaluman ƙarya. A 2015 aka yanke wa wani babban jami'in kamfanin ɗaurin shekara 12 da 'yan watanni. Har yau in na tuna wannan raina yakan ɓaci.

Sai maganar gani. Aikin ƙasa-ƙasa ake yin sa, cikin hayaƙi, ga wayoyin lantarki da ba a hango su sai an zo gab, ga guga yana lilo a ƙarshen doguwar igiya. Shi ya sa ake bai wa matuƙi maɓallin da zai saki gugan nan take in abu ya ɓaci. Ga kuma cunkoso: a Agustan 2023 jirage biyu suka yi karo a Cabazon, can Kalifoniya, mutum uku suka mutu. Shekara guda bayan haka wani ya faɗa kogin Douro a Fotugal yana dawowa daga aiki, jami'ai biyar suka rasu, matuƙin ya tsira.

Idan kuma bidiyon naka na gobarar Los Anjeles ne ta Janairun 2025, to ka sani a daren farko iska ta yi ƙarfin da sai da aka sauke jiragen, wuta na cin gidaje suna ajiye a ƙasa.