Nebukadnezzar ko Buhtanassar? Amsoshin Tambayoyinku

Tambaya: Malam, a Littafi Mai Tsarki muna karanta Nebukadnezzar, sarkin Babila. Maƙwabcina kuma ya ce a wajen tafsirin azumi Buhtanassar ake ce masa, wai ma'anarsa "ɗan gunki". Mutum ɗaya ne? Daga wani mai karatu a Jos.

Amsa: Mutum ɗaya ne, bakunan da suka furta sunan ne daban. Shi ne ya mulki Babila, a ƙasar Iraƙi ta yau, daga shekarar 605 zuwa 562 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Shi ya rushe Ƙudus wajen 586, ya tasa ƙeyar Bani Isra'ila zuwa ƙasarsa.

Sunan dai ba Ibrananci ba ne, ba kuma Larabci ba. Da harshen Akkadiya mutanen Babila suka raɗa shi, kuma a allunan yumɓu da aka tono a can, Nabu-kudurri-usur yake. Nabu abin bautarsu ne na rubutu da hikima, kudurri "magajina", usur kuma "ka tsare". Ashe roƙo ne sukutum: "Ya Nabu, ka tsare mini magajina." Bahaushe ba baƙo ba ne a nan. Uwar da 'ya'ya ba sa tsaya mata, in ta samu ɗa ta ce Abarshi, in mace ce Barmani. Magana ce guda aka naɗe ta zama suna. Gidan nasu ma haka suke yi, don sunan ubansa, Nabu-apla-usur, "Nabu ka tsare ɗa" ke nan.

Za ka ga wasu tsofaffin littattafai sun ce "ka tsare iyaka", saboda kudurru na nufin dutsen shaidar kan iyaka ma. Yawancin masana yanzu sun fi karkata ga magaji, ni ma can na tsaya.

A matanin Ibrananci sunan ya zo iri biyu. Littafin Ezekiyel da akasarin na Irmiya sun rubuta Nebukadrezzar, da "r", wanda ya fi kusa da asali. Na Daniyel da na Sarakuna suka sa "n", kuma wannan ne ya bi duniya. Ba abin mamaki ba ne. Harshe kan tausa baƙuwar kalma har ta zauna masa daidai, yadda muka mai da almuhajir almajiri.

To, batun "ɗan gunki", a nan nake da magana. Maƙwabcinka bai ƙaga ba, yana cikin manyan ƙamusoshin Larabci: wai an tsince shi yana jariri a gindin wani gunki mai suna Nassar, ba a san ubansa ba, sai aka danganta shi ga gunkin. Labari ne mai daɗin ji a zaure bayan la'asar. Sai dai mutumin da aka ce ba shi da uba, ubansa sarki ne, kuma a hannunsa ya gaji sarauta! Magabatan ba su da laifi, a zamaninsu ba mai iya karanta rubutun Babila, sai a ƙarni na 19 aka warware shi. Waɗanda ke ba ni haushi su ne malaman WhatsApp na yau, da zarar suna ya yi musu kama da wata kalma a kunne, shi ke nan sun yanke masa asali. Haka ake ta nanata mana cewa Bayajida daga "ba ya ji da" ne, kamar an kama mai sunan an tambaye shi. Kama da wane ai ba ta wane.

Tambaya: Fir'auna suna ne ko sarauta?

Amsa: Sarauta. Daga Misiranci na dā ne, per-aa, wato "babban gida". Kamar ka ce "fada ta hana", alhali sarki kake nufi.

Tambaya: Wasu na cewa "sarki goma, zamani goma". Me ake nufi?

Amsa: Kowane mai mulki da irin yayinsa. Kuma "zamani" ne, ba "zama" ba, kamar yadda na ji wani ya faɗa a rediyo.