Filin Tambaya da Amsa: Raƙuman Dawan Kure da Jinin da Suka Gada

Wasiƙu uku ne muka zaɓa a wannan fitowar, biyu daga Yamai, ɗaya daga Tawa, kuma duk sun taru a kan namun dajin ƙasarmu da binciken da masana ke yi a kan ƙwayoyin gadonsu.

Tambaya ta farko, daga wani malamin kimiyyar halittu a unguwar Wadata, Yamai: Assalamu alaikum. Shekarun baya na kai ɗalibaina Kure kallon raƙuman dawa, mai rakiyarmu ya ce a 1996 guda 49 kaɗai suka rage, amma yanzu sun haura 600. Wani ɗalibi ya tambaye ni, tunda sun yawaita haka, me ya sa masu bincike ke ci gaba da ɗibar fatarsu suna kaiwa ɗakin gwaji, kuma me ya sa har yanzu ake cewa suna cikin haɗari? Amsar da na ba shi ba ta gamsar da ni kaina ba.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Alƙaluman da mai rakiyarku ya bayar daidai ne. A farkon ƙarni na 20 ana samun wannan dabba tun daga Senegal har zuwa yankin Tafkin Chadi, amma farauta da sharar daji domin noma da manyan fare-faren shekarun 1970 da 1980 suka yi ta cin ta, har ya zama babu inda ta saura a Afirka ta Yamma sai yankin Kure da kwarin Dallol Boso, tafiyar kusan kilomita 60 daga Yamai a kan hanyar Doso. Ƙidayar ma ba ta kintace ba ce. Zanen jikin kowane raƙumin dawa nasa ne shi kaɗai, kamar zanen yatsan mutum, saboda haka masu ƙidaya suna ɗaukar hoton kowanne ta gefen dama da ta gefen hagu, su ajiye a kundi, kada a lissafa dabba ɗaya sau biyu.

Ga yadda zan so ka mayar wa ɗalibin amsa. Ka ce masa ya ƙaddara manomin da gobara ta cinye rumbunsa, bai tsira da komai ba sai zangarniyar gero 49. Idan ya shuka su, Allah ya ba da damina mai albarka, cikin 'yan shekaru rumbu zai sake cika har ya tumbatsa, mai wucewa kuma ya ce ai an mayar da asara. Manomin kuwa ya san cewa a tsohon rumbun akwai irin da ke saurin nuna, akwai mai jure ƙarancin ruwa, akwai wanda tsuntsu ba ya so, kuma duk irin da bai faɗo cikin zangarniyun nan 49 ba ya tafi ke nan, ko da damin da ake ɗaurewa ya kai dubu. Haka lamarin yake a Kure. Kowace dabba tana ɗauke da kwafi biyu na kowace ƙwayar gado, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, don haka garke mai dabbobi 49 ba zai wuce kwafi 98 ba. A zahiri ma abin da ya wuce zuwa ga 'ya'ya bai kai haka ba, domin a cikin 49 ɗin akwai tsofaffi da waɗanda ba su haihu ba, kuma manyan mazaje ƙalilan ne kan danne sauran su yi yawancin barbara.

Illa ta biyu ita ce kusancin jini. Misalin da ɗalibanka suka fi sani shi ne sikila: mai ɗauke da kwafi ɗaya na ƙwayar yakan zauna lafiya, amma idan masu ɗauke da ita biyu suka haɗu, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na zuwa da ciwon. Kowace halitta tana ɗauke da irin waɗannan ɓoyayyun lahani, kuma a garken da kowa ɗan'uwan kowa ne, lahani iri ɗaya ya fi saurin gamuwa da ɗan'uwansa. Abin da kan biyo baya shi ne raguwar haihuwa, da mutuwar jarirai, da garken da cuta guda za ta iya kwantar da shi gaba ɗaya saboda garkuwar jikinsu kusan iri ɗaya ce.

Ɗibar fatar da ka ambata ba ta buƙatar a kama dabbar. Wata 'yar kibiya ake harbawa daga nesa, ta taɓa cinya, ta yanki fata da ba ta kai girman ƙwayar wake ba, sannan ta faɗo ƙasa a je a ɗauka. Daga wannan ɗan yanki ake fitar da sinadarin gado, wanda a makarantunmu ake kira ADN. Akwai sashensa da ake gada ta wajen uwa kawai, shi ake bi a gano salsala, akwai kuma karanta shi gaba ɗaya, wanda ke nuna yawan bambancin da ya rage da kuma yadda iyaye suka kusanci juna.

Wannan aikin ya riga ya sauya abin da duniya ta sani game da mu. An daɗe ana zaton cewa raƙuman dawan da ke gidajen namun daji na Turai, musamman na Faransa, irin na Nijar ne, har wasu na ganin ko da namu sun ƙare akwai ajiya a can. Binciken da aka wallafa a 2007 ya nuna cewa waɗancan irin Kordofan ne, wato na Chadi da arewacin Kamaru da maƙwabtansu. Ma'ana, irin namu babu shi a ko'ina a doron ƙasa sai a Nijar. A 2016 wani binciken ya nuna cewa raƙumin dawan Afirka jinsi huɗu ne mabambanta, ba ɗaya ba kamar yadda littattafai suka daɗe suna koyarwa, kuma a watan Agustan 2025 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta amince da wannan rabon. Namu reshe ne na jinsin arewa. Shi kuwa binciken 2022, wanda ya karanta cikakken gadon dabbobi 26 na jinsin arewa, ya samu cewa bambancin da ya rage a namu matsakaici ne, bai ƙare ba kamar yadda aka ji tsoro, sai dai alamar barbara tsakanin dangi na kusa ta fito fili a cikinsu.

A ganina, Malam, wannan labari ne mai daɗi da ke ɗauke da gargaɗi, kuma haɗarin da ya fi kusa a yau daga ƙasar da suke zaune a kai yake, ba daga jini ba. Da damina dabbobin suna hawa tudun Kure, inda dajin geza da sabara ke tsirowa layi-layi, tsakanin kowane layi da na gaba akwai faƙo. Faƙon nan ba asara ba ne, domin ruwan da ya sauka a kansa ba ya nutsewa, gangarawa yake yi ya shayar da layin itatuwan da ke ƙasa da shi. Idan aka sare layin, ruwan ya rasa mai tare shi, sai ya wuce da ƙasar, wurin kuma ya daɗe bai farfaɗo ba. Wani kaso na itacen da motoci ke shigowa da shi Yamai daga irin wannan daji yake fitowa, kuma wannan magana ta shafi murhun gidana kamar yadda ta shafi na kowa. Da rani kuma raƙuman dawan sukan gangara Dallol, inda gawo ke fitar da ganye a lokacin da sauran itatuwa suka kaɗe. A can ne suke haɗuwa da manoma, su ci wake, su shiga lambun mangwaro. Mutanen yankin, waɗanda yawancinsu Zabarmawa ne, sun yi haƙurin da ya kamata a riƙa faɗa, domin wannan garke ba a cikin gandun da aka kewaye yake zaune ba, a tsakiyar gonakinsu yake. Ga kuma damina da ta zama ba ta da tabbas, wata shekara ta yi jinkiri, wata ta zo da ambaliya. Garken da zai jure irin wannan sauyi shi ne mai bambancin iri a cikinsa, kuma a nan ne maganar jini da maganar ƙasa suke haɗuwa.

Saboda haka ne a 2018 hukumomin gandun daji da abokan aikinsu suka ɗauki raƙuman dawa takwas a mota, tafiyar fiye da kilomita 800, suka kai su gandun Gadabeji da ke jihar Maraɗi, inda dabbar ta ɓace tun wajen shekarun 1970. A 2022 aka ƙara huɗu. Adadin kaɗan ne, kuma macen raƙumin dawa wata 15 take ɗaukar ciki ta haifi ɗa guda, don haka sai an ci gaba da ƙara musu sabon jini daga Kure kafin su zama garken da zai tsaya da ƙafarsa.

Tambaya ta biyu, daga wani dattijo mai fataucin shanu a Tawa: Mu masu dabbobi idan muka ga garke ya fara lalacewa, bijimi muke nemowa daga wani wuri. Na ji a rediyo ana kukan kusancin jini a raƙuman dawan ƙasarmu. Me zai hana a sayo maza daga Kenya, inda aka ce suna da yawa, a huta?

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara girma. Dabarar da ka kawo masana ma suna amfani da ita, kuma ta taɓa ceton wata dabba. A jihar Fulorida ta Amurka akwai wata dabba dangin damisa da ta ragu zuwa kamar 20 ko 30, har lahani ya bayyana a jikinta, ana haihuwar 'ya'ya da lanƙwasasshiyar wutsiya da ciwon zuciya, mazan kuma ba su da ƙarfin haihuwa. A 1995 aka kawo guda takwas, dukansu mata, daga jihar Tekzas aka sake su a can, cikin 'yan shekaru lahanin ya ragu, adadin ya ninka.

Sai dai ka fi ni sanin cewa ba kowane bijimi ake sakawa a garke ba. Saniyar Azawak da kuke alfahari da ita a Tawa, wadda tashar kiwo ta Tukunus ta shafe shekaru tana adana irinta, darajarta ita ce tana ba da nono a inda zafi da ƙishirwa za su kayar da saniyar Turai. Wanda ya yi ta haɗa ta da baƙon iri ba tare da lissafi ba zai wayi gari da shanun da ba su kai na Turai nono ba, ba su kuma kai Azawak juriya ba. Yawancin raƙuman dawan Kenya jinsinsu ma daban ne da namu, sun rabu da juna tun zamani mai nisa. Idan har wata rana buƙata ta kama, 'yan jinsinsu na arewa da suka fi kusa da ƙasarmu su ne na Kordofan, irin waɗanda ke gandun Zakuma a Chadi da na Waza a Kamaru. Amma ko su ɗin, ra'ayina shi ne lokaci bai yi ba. Na Fulorida an kai musu ɗauki ne bayan lahani ya fito a jiki, namu kuwa suna haihuwa, adadinsu ya ninka fiye da sau goma cikin shekaru kusan 25. Haɗin da aka yi ba ya warwaruwa, kuma abin da za a narkar shi ne irin da babu kamarsa a wani wuri.

Tambaya ta uku, daga wata ɗaliba a Jami'ar Abdou Moumouni, Yamai: Shin binciken gado kullum raba dabbobi yake yi gida-gida? Kuma ina labarin mena, wadda ƙungiyar ƙwallon ƙafarmu ke ɗauke da sunanta?

Amsa: A'a, ƙanwata, wani lokaci haɗawa yake yi, kuma mena, wato wata irin barewa ta hamada, ita ce babban misali. An daɗe ana kasa ta gida uku bisa launin jiki, ta yamma mai yawan ja, ta gabas mai yawan fari, da ta tsakiya, har gidajen kiwo na ƙasashen waje suna hana su barbara da juna. Binciken 2014 ya duba gadon da ake bi ta wajen uwa bai ga wannan rabo ba, abin da ya buɗe muhawara a kan ko ya fi kyau a haɗa su domin a tsira da bambancin da ya rage. Haka kuma bincike ya nuna cewa zakin Afirka ta Yamma, wanda mafi yawan sauransa ke gandun W da maƙwabtansa Arli da Panjari, ya fi kusa da zakin Indiya a kan na kudancin Afirka.

Halin da mena ke ciki ya fi na raƙumin dawa muni nesa ba kusa ba. Waɗanda suka rage a daji a duniya duka 'yan ɗaruruwa ne ko ƙasa da haka, a warwatse cikin ƙananan garkuna, namu suna duwatsun Ayar da na Tarmit. Dabba ce mai tsananin tsoro, ba a kusantar ta balle a harbe ta da kibiyar ɗibar fata, shi ya sa yawancin samfurin da ake samu daga daji kashinta ne. Mai bincike yakan bi sawu da sassafe, ya tsinci sabon kashi kafin rana ta ƙona shi, ya sa a 'yar kwalba mai sinadarin adanawa, ya rubuta rana da wurin da ya same shi, domin a bayan kowane ƙwallo akwai ƙwayoyin da suka saɓule daga hanjin dabbar, kuma su ake karantawa a san ko mace ce ko namiji, da kuma ko an taɓa tsintar nata a wani kwarin.