Yaya abubuwa biyu masu haɗari ke zama gishirin miya?

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a babbar sakandare a Unguwar Rogo, Jos. An koya mana cewa gishirin da muke ci haɗin sodiyam ne da kulorin, alhali sodiyam yakan kama da wuta idan ya shiga ruwa, kulorin kuwa iska ce mai guba. Me ya sa gishiri bai gaji halinsu ba?

Amsa: 'Yata, Allah ya yi miki albarka, domin kin taɓo tushen ilimin sinadarai. Kowace ƙwayar zarra, wato 'yar mitsitsiyar ƙwayar da sinadari ya ginu da ita, tana da cibiya, kuma ilektiron, wasu ƙananan ƙwayoyi masu cajin lantarki mai alamar ɗebewa, suna kewaye da ita zobe-zobe, bisa tsarin da Niels Bohr ya gabatar a 1913. Zobe na farko ba ya ɗaukar fiye da ilektiron 2, na biyu kuma 8. Halin sinadari, wato zafinsa ko sanyinsa wajen haɗuwa da wasu, yana rataye ne a kan abin da ke zoben waje.

Sodiyam yana da ilektiron 11, a jere 2, 8, 1. Wannan guda ɗaya tilo da ke waje cibiya ba ta riƙe shi da ƙarfi ba, shi ya sa sodiyam ke saurin sakin sa ga abubuwa da yawa da ya taɓa, har sai an ajiye shi cikin kananzir a ɗakin gwaji don kada iska ko laima su same shi. Kulorin yana da 17, a jere 2, 8, 7, wato guda ɗaya ya rage masa ya cika takwas, kuma wannan yunwar ce ke sa shi ƙwace ilektiron ko daga naman huhun mutum ne. Idan suka gamu, sodiyam ya miƙa, kulorin ya karɓa, sai na farko ya koma 2, 8 irin na niyon, na biyu ya koma 2, 8, 8 irin na agon, iskokin da kusan ba sa haɗuwa da komai. Abin da ke sa su ɓarna ya riga ya tafi.

Bayan wannan musayar, sodiyam yana ɗauke da caji mai alamar tarawa, kulorin kuma mai alamar ɗebewa, saboda haka suke jan juna da ƙarfin da sai zafi ya kai digiri 801 a ma'aunin Salshiyos kafin gishiri ya narke. Ba kowane haɗi ne ake yin sa ta hanyar kyauta ba. A cikin ruwa, oksijin da haidurojin tarayya suke yi a kan ilektiron, kamar yadda Gilbert Lewis ya bayyana a 1916.

Ina roƙonki kada ki haddace 2, 8, 8 ki ɗauka an gama, domin bayan kalsiyam mai 20 lissafin yakan sauya. Ƙarfen da ake fitarwa daga kuzar da ta yi wa Jos suna yana da ilektiron 50, a jere 2, 8, 18, 18, 4.

Idan kina son gani da idonki, ki samo batir mai bolt 9, waya da ƙaramin ƙwan LED, amma kada ki kusanci wutar soket. Ki haɗa batir da ƙwan da waya, ki yanke wayar a tsakiya, sai ki tsoma bakin wayoyin biyu cikin busasshen gishiri ba tare da sun taɓa juna ba, ƙwan ba zai kama ba, domin ƙwayoyin suna daskare a wurarensu. Ki zuba ruwa ki motsa, za ki ga ya kawo haske. Daga nan ki wanke wayoyin, ki sake gwadawa da sukari cikin ruwan da aka tace sarai, ki rubuto mini abin da kika gani.