Tambaya da Amsa: Me ya sa Rumawa suke binne ƙarfe?

Tambaya: Malam, ni maƙeri ne a nan Tahoua, gado na yi. Na ji a rediyo wai a ƙasar Turai ana tono kayan ƙarfe da Rumawa suka binne tun kusan shekara 2,000. Mutum da hankalinsa ya binne gatari? Kuma yaya tsatsa ba ta cinye su ba?

Amsa: Sannu da aiki, ɗan'uwa. Labarin gaskiya ne.

Wanda ya fi shahara shi ne na Inchtuthil, a ƙasar Sukotlan. Sojojin Rum sun gina babban sansani a can, amma wajen shekara ta 87 Miladiyya aka umarce su da su janye tun ginin bai kammala ba. Suna da ƙusoshi fiye da 875,000, nauyinsu aƙalla tan 7, manyan cikinsu sun haura santimita 30. Ɗauka ta gagara, bari kuma ba zai yiwu ba, don mutanen yankin abokan gaba ne, kuma kai ka fi ni sanin cewa ƙusa in ta shiga wuta ta hau uwar maƙera, kafin la'asar ta zama kan mashi. Sai suka haƙa rami mai zurfi, suka zuba, suka rufe da ƙasa, suka daddaɓe. Babu wanda ya sake ganin su sai a 1960, lokacin da wani masanin tonon kayan tarihi, Ian Richmond, da mutanensa suka tono wurin.

Batun tsatsa kuwa, ta ci rabonta. Ƙusoshin da ke gefe sun yi tsatsa sun manne da juna, suka zama ɓawo mai kauri wanda ya hana iska da ruwa shiga. Na tsakiya aka same su garau, kai ka ce jiya aka ƙera su.

Ba kowane binni ba ne na yaƙi. A Silchester, wani tsohon garin Rumawa a Ingila, an tono tarin kayan aiki a 1890 da 1900, har da uwar maƙera, awartaki, guduma da gatura. Masana sun rabu: wasu sun ce maƙeri ne ya ɓoye jarinsa bai dawo ba, wasu sun ce baiko ne ga abin bautarsu. Ni na fi karkata ga ta farko, don ƙarfe a lokacin dukiya ne. Tambayi tsofaffin gidanku yadda kakanninku na Adar suke haƙo tama, su tara gawayi, su kwana gaban wuta kafin a samu abin da zai yi 'yan hauyoyi. Haka Rumawa ma suke samun nasu, babu tsohuwar mota da za a yanko wa sifirin.