Amsoshin Tambayoyinku: Hanyar Keke da Ta Ƙafa a Gefen Babban Titi

Tambaya: Na ji an ce a wasu ƙasashe akan shimfiɗa wa masu keke da masu tafiya a ƙasa hanyarsu daban a gefen babban titin mota, har a dasa mata itatuwa. Yaya ake tsara ta, kuma shin ƙarar motoci da hayaƙi ba sa korar mutane? Daga wani mai karatu a Kaduna.

Amsa: Malam, abin da ka ji gaskiya ne, kuma titin I-66 na jihar Bajiniya a Amurka ya ishe mu misali. Mazauna gundumar Arlington, kusa da birnin Washington, sun daɗe suna adawa da gina shi ta yankinsu, har sai da sakataren sufurin Amurka William Coleman ya amince a 1977 bisa sharuɗɗa masu tsauri. Da aka buɗe wannan sashe na titin a 1982, an buɗe hanyar keke da ta ƙafa mai suna Custis, mai tsawon kimanin kilomita 7 a gefensa. An sami damar yin ta ne saboda an zana ta tare da titin tun filin yana hannun hukuma, domin idan aka bari sai an gama zuba kwalta, gidaje da shaguna sun matso, kuɗin diyya kaɗai kan kashe maganar.

Ƙa'idar injiniyoyin Amurka ita ce faɗinta ya kai mita 3, gangarenta kuma kada ya wuce kashi 5 cikin ɗari, saboda masu keken guragu. Wurin da ya fi haɗari shi ne mahaɗa, inda motoci ke karyo kwana da gudu suna ratsa hanyar. Mahaɗar hanyar Custis da titin Lynn a unguwar Rosslyn ta Arlington ta yi ƙaurin suna wajen buge masu keke, shi ya sa aka fi son gada ko hanyar ƙarƙashin ƙasa a irin waɗannan wurare, duk da tsadarsu.

Batun hayaƙi kuwa, a ganina shi ne ƙashin bayan al'amarin. Lokacin da ake faɗaɗa titin a gundumar Fairfax mai maƙwabtaka da Arlington, rigima ta tashi a 2017 kan katangar tare ƙara: masu gidaje ba sa son baƙi na wucewa ta bayan gidajensu, sai aka zana wani sashe na sabuwar hanyar keken da za a yi a can tsakanin katangar da motoci. Masu keke suka ce ba za ta saɓu ba, kuma ina ganin suna da gaskiya, domin babu uwar da za ta saki ɗanta ya tuƙa keke inda shingen kankare kaɗai ya raba shi da manyan motoci, ga zafin kwalta, ga tsakuwa da ɓaraguzan taya na tashi, babu inuwa ko ɗaya. An rage tsawon wannan sashe, amma ba a soke shi ba, kuma a haka aka fara buɗe hanyar a 2023.