Birkin gaba ne ke kayar da mai mashin, ko na baya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kabu-kabu ne a Mabera, shekarata biyu a kan mashin. Wanda ya koya mini tuƙi ya hana ni taɓa birkin hannu, wato na gaba, ya ce shi ke wuntsilar da mutum. Amma satin da ya wuce wani yaro ya gifta gabana kusa da shatale-talen Gawon Nama, na take birkin ƙafa, wato na baya, bayan mashin ya juya gefe, na sha ƙasa. To wanne ne mai haɗarin?

Amsa: Wa alaikumus salam. Sannu ɗan'uwa, Allah Ya ƙara tsarewa, Ya kuma tsare yaron. Maganar ubangidanka na sha jin ta a bakin masu mashin, kuma tana damuna, domin tana raba mutum da birkin da ya fi ƙarfin ceton sa.

Ka taɓa lura da yadda kan mashin ke dunƙusawa idan ka kama birki, shokozoban gaba ya lotsa? Dalili shi ne abin da Isaac Newton ya bayyana tun 1687: duk abin da ke tafiya ba ya tsayawa sai an tsayar da shi. Tayoyi suna riƙe mashin daga ƙasa, a kan kwalta, alhali cibiyar nauyinku kai da mashin tana sama, wajen tanki da sirdi. Ƙasa ta riƙe, sama na son wucewa, sai nauyi ya rinjaya gaba.

Mu yi lissafi. A ce kai da mashin kilo 180 ne, a tsaye tayar gaba na ɗauke da 80, ta baya 100. A ce tsakanin tayoyin mita 1.25 ne, cibiyar nauyin kuma tana santimita 65 daga ƙasa. Idan ka kama birki mai ƙarfi a busasshiyar kwalta, kimanin kilo 56 za su bar baya su koma gaba. Tayar gaba ta koma 136, ta baya ta rage 44 kacal. Ita kuwa taya, gwargwadon yadda aka danna ta a ƙasa, gwargwadon yadda take riƙe titi. Ka ga ke nan a daidai lokacin da ka fi bukatar tayar baya, lokacin ne ta yi sakayau. Da ka take ta da ƙarfi sai ta daina juyawa ta shiga ja, kuma tayar da ke ja ba ta san gaba ba, ba ta san gefe ba. Abin da ya same ka ke nan. Shi ya sa masu koyar da tuƙin babur ke cewa kusan kashi 70 cikin 100 na tsayawa daga birkin gaba yake fitowa.

Amma ubangidanka bai yi maganar banza ba, ya ga wani abu na gaskiya. Mashin ba ya tsayuwa da kansa. Kana tafiya hannunka na ɗan karkata kan mashin dama da hagu ba tare da ka sani ba, tayar gaba na komawa ƙarƙashin nauyinka duk sanda ka fara rinjaya. Idan ka fizgi birkin hannu farat ɗaya, kafin nauyi ya sauka gaba, tayar za ta kulle, wannan gyaran ya tsaya, kafin ƙiftawar ido kana ƙasa. Laifin fizga ne. Ka fara matsawa a hankali, ka ji kan mashin ya zauna, sannan ka ƙara damƙa, ƙafarka kuma na taimakawa kaɗan. Duk wannan bai kai daƙiƙa ɗaya ba.

Sai kuma yashi, wanda mu a Sakkwato ba mu rabuwa da shi. Iskar hunturu ta tara shi a gefen titi, ruwan damina ya kwaso shi ya shimfiɗa a kwana. Ƙwayoyinsa na mirginawa tsakanin taya da kwalta, riƙon ya ragu ƙwarai. Kuma riƙon taya guda ɗaya ne, kwana na cin rabonta, birki na cin nasa. Wanda ya kwantar da mashin yana shan kwana a shatale-tale ya riga ya kashe mafi yawansa. Don haka ka rage gudu tun mashin na miƙe, kafin ka shiga kwanar. A kan yashi kuwa, sassauta hannu, ka fi jingina da na ƙafa a hankali.

Gudun ma ka duba shi. Idan ka ninka gudu, nisan tsayawa ninki huɗu yake yi. Da irin birkin da muka lissafa, mai gudun kilomita 40 a awa zai tsaya cikin mita 10 da ɗoriya, mai 80 sai ya ci mita 42, ban da tafiyar da ya yi kafin hannunsa ya kai birki.

Idan ka yi goyo, ko ka ɗaura buhun albasa a baya, tayar baya ta sami nauyi, birkin ƙafa zai fi kamawa, amma kayan da aka tula sama suna ƙara turo nauyi gaba. Ka ɗaure su ƙasa-ƙasa, ka matso da su kusa da bayanka. Ka kuma sami fili mai busasshiyar kwalta da sassafe, da hular kwano a kanka, ka riƙa gwada birkin biyu tare a gudun kilomita 20, har hannunka ya saba da matsawa a hankali.